Kuɗin jakar takarda amana ce a hannunka, Alhaji

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan abincin Afirka a unguwar Bronx ta birnin New York ya aiko da tambaya: tun da aka hana leda yana karɓar senti 5 kan kowace jakar takarda, amma kuɗin da yake sayo jakar ya fi haka, shin zai iya riƙe abin da ya karɓa don ya rage asara?

Alhaji, ba za ka riƙe ba. Dokar jihar New York da ta hana ledar da ake amfani da ita sau ɗaya ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 2020, kuma senti 5 ɗin da birnin ya ɗora wa jakar takarda kuɗin hukuma ne da aka wakilta ka ka karɓa. Dole ne ya fito daban a rasit, sannan ka miƙa shi ga hukumar haraji ta jihar tare da harajin ciniki. Senti 3 na tafiya asusun kare muhalli na jihar, senti 2 kuma birnin ke sayen jakunkuna masu ɗorewa da su ya raba wa jama'a. A Kalifoniya ne mai shago ke riƙe kuɗin jaka, wataƙila daga can labarin ya zo maka. Ka kuma tuna cewa masu biya da katin tallafin abinci na SNAP ko WIC ba a karɓar wannan kuɗi daga hannunsu.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kuɗin hukuma da uwar kuɗinka suna kwana a aljihu ɗaya. Ka ware masa shafi a littafinka, ka riƙa rubuta adadin jakar da ta fita kowace rana, domin ranar biya kada ka tarar ka riga ka sa shi a sarin kaya.

Ita kuwa tsadar jakar, ka lissafa ta cikin kuɗin gudanar da shago kamar haya da wutar lantarki, ka raba ta a farashin kaya. Mafita mafi kyau a ganina ita ce ka rage fitar da ita gaba ɗaya, tunda doka ba ta tilasta maka bayar da jakar takarda ba, kuma kayanka masu nauyi ne: doya, galan ɗin manja da ƙullin shinkafa duk suna yaga takarda kafin mutum ya kai tashar jirgin ƙasa. Ka saro jakunkuna masu ƙwari da ake wankewa, ka sa sunan shagonka da lambar waya a jiki, ka ajiye su kusa da wurin biya. Ribarsu taka ce halal.

Ɗanyen nama da kifi, da kayan da ake aunawa kamar wake da gero, doka ta yarda a ƙulla su a leda. A sauran kaya kuwa kada ka yi kasada, domin bayan gargaɗin farko tarar dala 250 ce, in aka sake a cikin shekarar kuma ta koma 500.