Dalilin da Ya Sa Ɗaukewar Wuta Ke Ɓata Fayil ɗin da Ba a Taɓa Ba

Yarona, ka tambaye ni yadda aka yi na'urar da ka haɗa ta ƙi tashi bayan an zare mata wuta, alhali fayil ɗin da ya lalace an rubuta shi tun makonni da suka wuce, kuma ka yi amfani da ext4, tsarin fayiloli mai ajiye tarihin rubutu, ka kira fsync, umarnin da ke tabbatar da cewa rubutu ya sauka a ma'adana, yadda na koya maka. Ba ka yi kuskure a wannan ba. Matsalar tana can ƙasa, a cikin katin SD ɗin kansa, inda manhajarka ba ta iya leƙawa.

Ma'adanar filash irin ta NAND, wadda ke cikin katin SD, tana riƙe bayanai ne da ɗan cajin da ake cusawa cikin ƙananan ƙwayoyi. Ana rubutu shafi-shafi, amma ba a iya sake rubutu a kan shafi sai an goge dukkan rukunin da yake ciki, wanda ke ɗauke da shafuka da yawa, kuma gogewar tana cin 'yan milisakan. Saboda haka akwai wani ƙaramin mai sarrafawa a cikin katin, wanda ke ajiye sabon rubutu a wani wuri dabam, yana riƙe da taswirar inda kowane abu yake, yana kuma kwashe tsofaffin bayanai daga rukuni zuwa rukuni domin kada wani sashe ya tsufa kafin sauran. Yana iya yin wannan kwashe-kwashe a lokacin da kai kake ganin katin yana hutawa. Idan wuta ta ɗauke yana tsaka da sabunta taswirar, bayanan suna iya kasancewa daram a cikin ƙwayoyin, amma babu wanda ya san hanyar zuwa gare su.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. A nau'in MLC kowace ƙwaya tana ɗaukar bit 2, kuma waɗannan biyun na shafuka daban-daban ne da ba a rubuta su lokaci guda. Ana fara rubuta na ƙasa, daga baya a dawo kan ƙwayoyin nan a ƙara musu caji domin na sama. Idan aka katse wannan rubutu na biyu, cajin yana tsayawa a tsakiya, sai shafin farko, wanda tuni aka tabbatar maka ya zauna, shi ma ya tafi. Wani lokaci ma shafin da aka katse yana karantuwa lafiya yau, ya gaza bayan an jima, saboda cajinsa bai kai inda ya kamata ba. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun nuna irin wannan ɓarna a 2011, sannan a 2013 wasu daga Jami'ar Jihar Ohio da HP Labs suka gwada SSD (ma'adanar kwamfuta mai filash) 15 ta hanyar yanke musu wuta, 13 daga ciki suka nuna matsala. Ext4 yana kāre tsarin fayiloli ne bisa zaton cewa abin da aka riga aka rubuta ba zai canja ba, katin kuwa bai yi maka wannan alkawari ba.

Ga yadda nake so ka sake aikin. Sashen da manhajar tashi take, ka mayar da shi na karatu kawai, ka rage yawan rubutu iya iyawarka. Saitunan da na'urar ba ta rayuwa sai da su, ka ajiye kwafi biyu, kowanne da lambar jeri da CRC, wato lambar da ke nuna ko bayanan sun ɓaci, ka riƙa rubuta su bi da bi, ta yadda in sabon ya ɓaci za a koma ga tsohon. In ka sami dama, ka bar katin kasuwa ka koma ga eMMC, ma'adanar filash da ake liƙawa a jikin allon na'urar, wanda ke da umarnin rubutu amintacce da kuma hanyar sanar da shi cewa wuta za ta tafi, ka saita sashen bayanai ya yi aiki da bit 1 a kowace ƙwaya. Za ka rasa sarari mai yawa, amma ni ban taɓa yin nadamar wannan musaya ba. A ƙananan na'urori masu filash nau'in NOR kuwa, tsarin fayiloli na littlefs an gina shi ne da tunanin yankewar wuta tun daga tushe.

Sai ka saya wa na'urar lokaci. Ka sa da'irar da ke lura da faɗuwar wuta tun daga mashiga, da kafasita mai tara caji da za ta riƙe allon har a gama rubutun da ke hannu. Lissafin ba shi da wuya: allon da ke cin wat 1, kana son milisakan 50, wuta na sauka daga bolt 12 zuwa 6, yana buƙatar kusan maikurofarad 930. Ka ƙara a kan haka sosai, domin kafasita tana raguwa da zafi da shekaru, mai sauya wutar ma yana cin nasa rabo.

Bayan ka gama duk wannan, kada ka kawo mini allon tukuna. Ka haɗa shi da makunnin da wata kwamfuta ke sarrafawa, ta riƙa yanke wuta a lokutan da ba a tsara ba yayin da ake rubutu, sau dubbai, tana duba kowane fayil bayan kowace tashi, har da tsofaffin da ba a taɓa ba. In aka canja samfurin kati ko na eMMC a wajen saye, ka maimaita gwajin daga farko, domin mai sarrafawar da ke ciki yana iya zama wani dabam ko da sunan da ke jikin bai canja ba.