Tambaya da Amsa: An sallame ni daga aiki, me gwamnati ta tanada mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 38, na yi shekara tara ina aiki a wata masana'antar roba, sai aka rage ma'aikata har da ni. Ina jin ana cewa a Ingila gwamnati na ba wanda ya rasa aiki kuɗin cefane har ya samu wani. Mu a nan akwai irin wannan? Daga wani mai karatu a Sharaɗa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Malam. Najeriya ba ta da dokar da ke biyan mutum albashi don kawai ya rasa aiki. Abin da za ka iya taɓawa guminka ne da ke ajiye, wato asusunka na fansho, kuma ma'aikata da yawa ba su san suna da wannan dama ba.

Dokar Fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, ya rabu da aikinsa, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsa ba. Idan akwai naira miliyan 2, kenan dubu 500 ce iyakarka. Sauran yana nan yana juyawa har ka kai 50. Wanda ya ajiye aiki da kansa ma dokar ta shafe shi.

Kamfanin da ke riƙe da fanshonka za ka je, ba PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa, ba. Ka tafi da takardar sallama, da takardun albashi na watanni uku na ƙarshe, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da lambar NIN, da hotunan fasfo, da shaidar asusun banki mai sunanka. Za su kuma nemi wasiƙa daga tsohon wurin aikinka mai tabbatar da cewa an zuba duk kuɗinka.

A wannan wasiƙar ake yawan samun cikas. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, mai kamfani ya ɗora kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wasu sukan cire naka su riƙe. Don haka tun yanzu, kafin wata huɗun ya cika, ka nemi cikakken bayanin asusunka ka bi shi wata-wata tare da takardun albashi. Inda ka ga giɓi, ka rubuta wa kamfanin da ya sallame ka, ka kai kwafi ofishin PenCom da ke Kano. Akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba duk wata a kan abin da aka riƙe. Cikas na biyu shi ne saɓanin suna. Muhammad a fansho, Mohammed a NIN, Mamman a banki, wannan kaɗai ya isa takarda ta kwanta. A gyara shi tun kafin a miƙa.

Shawararmu: in ba ta kama dole ba, kada ka narkar da kuɗin a cefane. Duk abin da ka cire yau, daga fanshon tsufanka ya fita. Kuma ka duba ko an ba ka notis na wata ɗaya ko albashinsa, domin shi Dokar Ƙwadago ta yanka wa wanda ya yi shekara biyar zuwa sama.

Tambaya: Wani ya turo wa ƙanena saƙo cewa ya biya naira 3,000 a saka shi cikin tallafin gwamnati na marasa aiki. Ya biya? Daga wata mai karatu a Funtua.

Amsa: Kada ya biya ko sisi, Hajiya, damfara ce. Tallafin da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023, naira 25,000 duk wata har wata uku, an ware shi ne ga magidanta miliyan 15 masu ƙaramin ƙarfi, ba ga kowane matashi marar aiki ba. Sunaye kuma daga rajistar talakawa ta ƙasa ake ɗaukarsu, wadda jami'an jiha ke tattarawa ta hanyar zama da mutanen unguwa ko ƙauye su fitar da gidajen da suka fi buƙata. Ba a sayar da gurbi, ba a cike fom a WhatsApp.

Shirin da aka yi don matasa irinsa shi ne N-Power, wanda aka fara a 2016 yana biyan masu digiri naira 30,000 a wata, aka kuma dakatar da shi a Oktoban 2023. In sana'a yake son koya, ya je ofishin Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, a Katsina da ƙafarsa, ya tambayi lokacin ɗibar masu koyo. Lambar sirrin katinsa da wadda banki ke turowa ta waya kuwa, babu jami'in gwamnati da ke da hurumin tambayarsa su.