Shin in biya kuɗin talla a Facebook, kuma yaya 'yata za ta yi karatu da waya ɗaya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a Agege, inda nake sayar da dabino da aya da zuma da yaji da kilishi, waɗanda ake aiko mini daga Arewa. Wani yaro a unguwarmu ya ce in riƙa ba shi kuɗi duk wata domin ya tallata mini kaya a Facebook da Instagram, ya kuma ce ba da jimawa ba mabiyana za su kai dubbai. Bayan haka, 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare, za ta zana jarrabawar JAMB, alhali waya ɗaya ce mai intanet a gidan. Shin in biya shi? Kuma ta yaya yarinyar za ta amfana da wayar ba tare da ta shagala ba? Daga wata mai karatu a Agege, Legas.

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya kuma ba yarinya sa'a. Shawarata ita ce kada ki biya tukuna. Ban ce yaron macuci ba ne, domin akwai matasa da yawa a Legas da suka ƙware a wannan sana'a kuma suke yin ta da gaskiya. Abin da ya sa na ce ki dakata shi ne, alƙawarin da ya yi miki na yawan mabiya ne, ke kuwa masu saye kike nema, kuma akwai ayyukan da ba sa cin ko sisi waɗanda idan ba a fara yin su ba, kuɗin talla asara yake zama.

Ya kamata ki fara rarrabe tsakanin mutum biyu. Na farko shi ne wanda ya ɗauki wayarsa ya rubuta a Google cewa yana neman inda ake sayar da kilishi kusa da Ikeja. Wannan da buƙatarsa ya zo, kuma kuɗinsa na hannunsa. Na biyu shi ne wanda yake zaune cikin motar haya a cunkoson Iyana-Ipaja yana duba hotuna a Instagram don ya rage lokaci. Wannan sai an ja hankalinsa, an sake ja, kafin ya yi tunanin saye. Mai ƙaramin jari da na farko yake farawa. Hanyar kuwa ita ce ki buɗe wa shagonki shafi a Google Business Profile, wanda kyauta ne, domin shagon ya riƙa fitowa a taswirar Google Maps da kuma sakamakon bincike na mutanen da suke kusa da ke. Za ki saka sunan shago, da adireshi, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, da hotuna. Google kan nemi tabbacin cewa shagon yana nan da gaske, sau da yawa ta hanyar ɗaukar gajeren bidiyo da zai nuna allon shago da titin da yake, saboda haka idan babu allo a ƙofarki, sa a rubuta miki shi kafin komai. A wajen bayanin adireshi kuma ki ƙara kwatance irin wanda mutanen Legas suke ganewa, wato tashar mota mafi kusa da abin da yake daura da shagon, tun da lambar gida kaɗai ba kasafai take kai baƙo ba.

Ki tuna cewa akasarin masu neman waɗannan kaya a Legas ba da Hausa suke rubuta bincikensu ba. Bayarabiyar da take son aya don ta yi kunu, da Turanci za ta nema, don haka bayanin kayanki ya kasance da Hausa da Turanci tare. Google Translate yana da Hausa tun 2013, kuma yana taimakawa, amma kada ki wallafa fassararsa sai 'yarki ta karanta ta gyara, domin yana yawan tuntuɓe a kan sunayen abinci. Sannan duk kwastoman da ya ji daɗin kayanki, ki roƙe shi ya rubuta ɗan sharhi a shafin naki na Google. Sharhi goma na mutane na gaske sun fi mabiya dubu da ba a san daga ina suka fito ba.

Inda ainihin cinikinki zai gudana kuwa shi ne WhatsApp, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. Ki sauke WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018 don masu ƙananan sana'o'i, ki jera kayanki a sashen da aka tanada don baje kolin kaya, kowanne da hotonsa da awonsa da farashinsa. Ki rubuta farashin ɓaro-ɓaro. Ɗabi'ar nan ta cewa sai an biyo mutum ta saƙon sirri kafin ya faɗi kuɗi tana korar masu saye fiye da yadda 'yan kasuwarmu suke zato, domin mai saye yakan ɗauka cewa za a dubi fuskarsa ne a yanka masa farashi. Awon ma ki faɗe shi da ma'aunin garin: matar da ke unguwar Ogba ba ta san mudu ko tiya ba, derika da robar fenti da kilo ta sani. Game da hoto, ba kya buƙatar mai ɗaukar hoto. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a bakin shago da hantsi, kafin rana ta yi tsanani, ki ɗora kilishin yadda jan yajinsa da ƙuli-ƙulin da ke jikinsa za su fito, ki ajiye cokali a gefe don a gane girmansa. Ranar da buhun dabino ya iso, ki ɗauki bidiyo lokacin da ake farke bakinsa, ki tsoma hannu ki ɗebo daga ƙasa, ki ɓare guda ɗaya a gaban kyamara. Gani ya kori ji, kuma irin wannan bidiyo na daƙiƙa ashirin a Status, wanda yake zama na awa 24, ya fi kowane hoton da aka ɗauko daga intanet tasiri.

Akwai ƙa'ida ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: saƙon da ake aika wa jama'a a lokaci guda yana ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, amma ba ya isa sai ga waɗanda suka adana lambarki a wayarsu. Ke nan aikinki na kullum shi ne ki ce wa duk wanda ya sayi kaya ya adana lambar shago, ki kuma buga ta a jikin leda ko takardar da kike naɗe kaya. Kada ki riƙa jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba. Hakan yana ɓata musu rai, yana iya sa su kai ƙarar lambarki har a rufe ta, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023 wadda ta ba yardar mai lamba muhimmanci. Ina kuma ba ki shawara ki sayi littafi ki riƙa rubuta sunan kowane kwastoma da lambarsa da abin da ya saba saye. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, kuma a nan gida an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022. Wanda duk kwastomominsa suke cikin manhaja ɗaya, ranar da ta tsaya kasuwarsa ta tsaya.

Idan kin yi wata biyu ko uku a kan wannan, kin ga kayan da aka fi tambaya, to a nan ne talla ta kuɗi take da ma'ana, kuma a nan za ki iya kiran yaron ku zauna. Ki tambaye shi nawa ne ladansa kuma nawa ne zai tafi ga kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, domin kuɗi biyu ne daban, kuma kamfanin yana ba da rasit na abin da aka kashe. Shafin na Facebook ko Instagram ya zama da sunanki aka buɗe shi, da lambarki da imel ɗinki, shi kuma ki ba shi izinin gudanarwa wanda za ki iya janyewa duk ranar da kuka rabu. Shafuka da yawa sun salwanta ta wannan hanya, ba don sata ba ma, sai don wanda ya buɗe ya canja gari ko ya yar da layinsa. Tallar kuma a taƙaita ta ga unguwannin da kayanki za su iya kaiwa da sauƙi, kamar Agege da Ogba da Ikeja da Dopemu da Abule-Egba, tun da manhajar tana ba da damar zaɓen yanki. Babu amfanin mutumin Ajah ya ga tallar yajin da kuɗin kai masa ya ninka kuɗin yajin. Ku fara da kuɗi kaɗan na mako guda a kan kaya ɗaya, a sa maɓallin da zai kawo mai sha'awa kai tsaye zuwa WhatsApp ɗinki, sannan ki ƙirga mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya, kuma ribar ta rufe kuɗin tallar ko ba ta rufe ba. Wannan lissafi shi ne alƙali. Mabiyan da ake saye da kuɗi kuwa yawancinsu asusun bogi ne, ba sa cin kilishi.

Kada kuma ki bari a rubuta cewa zumarki tana warkar da ciwon suga ko hawan jini. Irin wannan iƙirari yana iya cutar da mara lafiya, kuma abinci da aka ƙunshe aka yi wa tambari yana ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda za ki buƙaci rajistarta idan kika fara zuba kaya a roba da sunanki. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ma tana da amfani, domin za ta ba ki damar buɗe asusun banki da sunan shago, abin da yake kwantar wa baƙon kwastoma hankali. Kaya kuma kada su bar shago sai kin ga kuɗi a cikin manhajar bankinki da idonki. Hoton rasit ko saƙon tes ba hujja ba ne, saboda ana ƙirƙirar su.

Batun yarinya ya fi sauƙi, amma ya fi buƙatar tsari. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, darussa huɗu ne har da Turanci wanda yake dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu, a kan maki 400. Abu na farko da za ta nema shi ne manhajar karatun kowane darasi, wato jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu, daga shafin hukumar kanta, jamb.gov.ng, ta kwafe batutuwan a littafi, domin wannan jeri shi ne zai riƙa gaya mata abin da za ta nema kowace rana. Ɗalibin da ya buɗe YouTube ba tare da tambaya a hannunsa ba, YouTube ɗin ne zai zaɓa masa abin kallo, kuma ba darasi zai zaɓa ba. Ta riƙa rubuta sunan batu guda tak, ta kalli bayani ɗaya ko biyu, ta rufe wayar, ta warware tambayoyin shekarun baya a takarda. Akwai dabarun bincike da za su rage mata wahala: idan ta sa jimla cikin alamar zance, Google zai nemo kalmomin a jere yadda ta rubuta su, idan ta ƙara site:gov.ng zai tsaya a shafukan gwamnati. Idan ta ƙara filetype:pdf zai kawo takardun da za ta sauke ta karanta ba tare da data ba. Khan Academy kyauta ne kuma yana da kyau a lissafi da kimiyya, hukumar WAEC kuma, wadda babban ofishinta na Najeriya yake Yaba, tana wallafa rahoton manyan masu duba jarrabawa da ke nuna kurakuran da ɗalibai suka fi yi. Taƙaitacciyar amsar da ƙirƙirarriyar basira take kawowa a saman sakamakon bincike takan yi kuskure, don haka ta riƙa gwada ta da littafin makaranta. Tun da kuma jarrabawar ta kwamfuta ce, ki yi ƙoƙarin kai ta wata cibiya ta riƙa gwaji da allo da linzamin kwamfuta (mouse), ta kuma shiga jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gaske.

Ki ja mata kunne sosai game da guruf-guruf na WhatsApp da Telegram masu alƙawarin satar amsa ko ƙarin maki bayan an fitar da sakamako. Damfara ce, kuma ba da lambar rajista ko lambar NIN ga irin waɗannan mutane yana iya jefa ta cikin matsalar da ta fi faɗuwa jarrabawa.

Tun da wayar ta ciniki ce da rana, ku tsayar mata lokaci sananne, misali bayan sallar isha'i da kuma bayan asuba kafin a buɗe shago, ta sauke bidiyon darussa da garaɓasar data ta dare da kamfanonin waya suke bayarwa, ta kalle su daga baya. Ta buɗe asusun Google nata daban a wayar domin bincikenta kada ya cakuɗa da na shago. Kafin ki miƙa mata wayar kuma, ki kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, ki zaɓi lambar sirrin da ke kaɗai kika sani, sannan ku duka biyu ku san cewa duk wanda ya kira yana neman a karanto masa lambobi shida da suka shigo ta tes, ko da ya ce daga makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa yake, asusun shagon yake so ya ƙwace.