Firinta na bugawa, amma sikana ta ƙi fitowa a Ubuntu

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ina karanta tambayarka na ji zafin abin a raina: HP LaserJet M1132 a shagonka na Agege, tana bugawa lafiya lau, amma Document Scanner, manhajar sikanin ta Ubuntu, na cewa babu sikana, ga masu takardu a tsaye. Sannu. Don Allah kar ka goge Ubuntu tukuna.

Bugu da sikanin ba hanyarsu ɗaya ba. Manhajar CUPS ke kula da bugu, manhajar SANE ke kula da sikana, don haka ɗaya na iya aiki ɗaya na kwance. Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lsusb, zai jero maka abubuwan da ke jone ta USB. In ka ga layi mai 03f0, lambar HP ke nan, kwamfuta ta ga injin. In babu, kar ma ka taɓa direba, waya ce ko ramin USB. Rubuta sudo dmesg, in ka ga error -71 yawanci waya ce. Waɗannan siraran wayoyi masu araha da ake haɗo wa mutum da tokunbo su ne bala'in. Nemi gajera mai kauri, ka soka a bayan kwamfuta, ba ta gaba ba, ba kuma ta hob, abin ƙara ramukan USB, ba.

Abin da ke ci min rai shi ne masu gyaran da ko lsusb ba sa bugawa. Ka ɗauko inji tun daga Agege ka sha cunkoso har Ikeja, mutum ya buɗe murfi ya leƙa, ya ce maka fanel ɗin sikana ya ƙone, ko ya ce Linux ba ta sikanin, a sa Windows kawai. Ya karɓi kuɗin dubawa, wani ma ya cire maka lafiyayyen fanel ya sa tsoho. Alhali gwajin ko minti ɗaya bai kai ba: ɗora takarda a gilashi ka danna kwafi a jikin injin. In kwafi ya fito, fitila da motar da ke jan ta da fanel duk lafiyarsu ƙalau. Allah ya isa kawai.

To, in lsusb ya gani, rubuta scanimage -L, sannan ka maimaita da sudo a gaba, wato da ikon mai kula da kwamfuta. In sai da sudo take fitowa, izini ne: sudo usermod -aG lp,scanner $USER, ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba ba zai kama ba. In duka biyun shiru, sa direban HP da sudo apt install hplip libsane-hpaio, ka kuma tabbatar akwai hpaio cikin /etc/sane.d/dll.d/hplip ba tare da # a gabansa ba.

Amma ni zargina ya fi karkata ga fulogin. Wannan samfurin ba ya sikanin sai da wani ƙarin fayil na kamfanin da ba ya zuwa cikin Ubuntu. Alamarsa, sunan injin zai fito, kana danna sikanin ya ce Error during device I/O. Maganinsa hp-plugin -i, da data a kunne, ka zaɓi d ya sauko. Lambar fulogin dole ta zo daidai da ta hplip ɗinka, dpkg -l hplip zai nuna maka. Shi ya sa duk wanda ya ɗaga Ubuntu zuwa sabuwa sai sikana ta sake ɗaukewa, sai an maimaita.

Af, in NEPA ta ɗauke ka koma janareta, rufe manhajar sikanin, kashe firinta ka kunna kafin ka sake gwadawa. Kuma ranar da za ka sayi wata, nemi mai AirPrint da eSCL, wato tsarin bugu da sikanin marar direba, manhajar sane-airscan na kama su ba tare da direban kowa ba.

Turo mana abin da lsusb da scanimage -L suka nuna, da kuma lambar Ubuntu ɗinka, 22.04 ce ko 24.04.