An ƙara mana aikin dare ba shawara: za mu iya tafiya yajin aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni direba ne a wani kamfanin motocin haya da ke jigila a cikin Kaduna, daga Kawo zuwa Sabon Tasha. Shekara shida ke nan ƙarfe tara na dare muke ajiye mota. Kwatsam sai aka liƙa takarda a ofis, wai daga farkon wata motar ƙarshe sai sha biyun dare. Ba a ce uffan kan ƙarin kuɗi ba. Ga shi a Rigasa nake zaune, in na tashi a wannan lokacin abin hawa sai an dace. Shugabannin ƙungiyarmu sun ce doka awa takwas ta sani, don haka ran Litinin kowa ya ajiye makulli. Muna da gaskiya? Kuma za su iya korarmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kukanku yana kan hanya, amma ina roƙonka kada ka ajiye makullin nan ran Litinin. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, hukuncin ƙarshe yana cikin takardar ɗaukarka aiki da yarjejeniyar ƙungiyarku da kamfani, in akwai ta.

Mu fara da maganar awa takwas, don a nan aka yi muku gurguwar fahimta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanka wa ma'aikaci adadin awanni ba. Sashe na 13 cewa ya yi lokacin aiki shi ne wanda ma'aikaci da mai aiki suka amince da shi, ko wanda ƙungiya ta daddale da kamfani, ko wanda hukumar tsara albashi ta wannan sana'a ta ƙayyade. Abin da ya haura wannan shi ake kira obataim. Nawa za a biya a kansa? Nan ma dokar ba ta faɗi farashi ba, ta bar wa yarjejeniya. Abin da ta tabbatar maka shi ne hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimilla idan aikin yini ya kai awa shida, da kuma hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Duk wanda ya je teburin sulhu yana buga ƙirji da awa takwas, lauyan kamfani zai ce ya nuna masa sashen, kuma ba zai samu ba.

Amma wannan sashen dai shi ne makaminku. Tunda lokacin aiki da yarda ake tsayar da shi, a iya fahimtata ba a sauya shi da takardar da aka manna a bango. Idan takardarka ta ce tashi ƙarfe tara, kai ka zuwa sha biyu sauya sharaɗin kwangila ne, kuma ɓangare ɗaya ba ya yin wannan shi kaɗai. Gaskiya abin da kamfanin ya yi bai burge ni ba. Mutanen da suka shekara shida suna riƙe maka sitiyari sun cancanci a kira su a zauna.

Sai dai ka je ka karanta takardar da kyau. Kamfanoni da yawa suna cusa layi guda da ke cewa za su iya sauya lokacin aiki gwargwadon buƙata. In akwai shi a taka, hujjarku ta yi rauni, ko da yake ba ta mutu ba, don har yanzu ana iya jayayya cewa an yi amfani da wannan dama ba bisa adalci ba. In kuma awannin ba su ƙaru ba, an dai raba ku ne masu safe da masu dare, to batun obataim ma bai taso ba, sai dai alawus ɗin dare, wanda shi ma ciniki ne ba tilas ba.

Yanzu yajin aikin. Mutane suna ɗauka tunda sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da 'yancin shiga ƙungiya, to an ba da 'yancin ajiye aiki a duk ranar da aka ga dama. Ba haka ba ne. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 ya gindaya sharuɗɗa: sai an bi matakan sasantawa tukuna, sai rikicin ya shafi haƙƙin da aka riga aka mallaka aka kuma tauye, sai an kaɗa ƙuri'a mafi yawan 'yan ƙungiya masu rajista sun amince. Ka tambayi shugabanninku, yaushe aka kaɗa ƙuri'ar? Ihu a cikin gareji ba ƙuri'a ba ce. Wanda ya saɓa kuma, hukuncinsa tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Sharaɗin farko a wannan gyara shi ne kada mai yajin ya kasance cikin masu ayyukan da doka ta kira na tilas ga jama'a, kuma Dokar Rikicin Ƙwadago ta lissafa jigilar mutane ta mota da jirgi a cikinsu. Ko kotu za ta sa kamfaninku a wannan sahu abu ne da za a iya ja a kai, amma ka tabbata shi ne abu na farko da lauyansu zai ɗaga. Sannan sashe na 43 na wannan doka ya ce ba albashi a kwanakin yaji. Batun kora kuwa, doka ta hana korar mutum don yana ɗan ƙungiya, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a shekarun nan takan nemi mai aiki ya kawo dalilin kora. To amma yajin da bai bi ƙa'ida ba, dalili ne kuka miƙa masa da hannunku.

Matakan sasantawar sanannu ne, sakataren ƙungiyarku ya kamata ya haddace su: a fara da hanyar sasantawa ta cikin gida, in ta ƙi a sami mai shiga tsakani cikin kwana bakwai, in bai yi nasara cikin wasu kwana bakwai ba a rubuta wa Ministan Ƙwadago, daga nan mai sulhu, sai kwamitin yanke hukunci, kotu ce ƙarshe. Ma'aikatar Ƙwadago tana da ofis a nan Kaduna, kotun ma tana da reshe. Muddin ana kan wannan hanya, ku ba ku yaji, kamfani ma ba shi da ikon rufe muku ƙofa.

Ni dai ba zan tura ku kotu ba. Shari'a tana cin lokaci, ku kuwa farkon wata kuke fuskanta. Irin wannan rigima ta faru a Landan, lokacin da aka so fara zirga-zirgar jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin dare a watan Satumba na 2015. Ƙungiyoyin ma'aikata sun yi yaji a Yuli da Agusta kan kuɗi da jadawalin aiki, abin bai fara ba sai Agustan 2016, bayan an daidaita a tebur, har da ɗaukar direbobi na musamman domin dare. Dokarsu daban da tamu, amma mafitar tana iya yi muku amfani.

Ku tuna kamfanin yana son kuɗin fasinjan dare, kuma ba zai same shi ba sai da ku. Saboda haka ƙungiya ta rubuta wasiƙa a makon nan, ta ce ba ta amince da sauyin ba, ta nemi a dakatar da shi a zauna. Ku shiga da buƙatu ƙwarara: farashin obataim a rubuce, juyin dare na karɓa-karɓa ko na masu ra'ayi, kada wanda ya ajiye mota sha biyu ya ɗauki ta asuba, da motar da za ta mai da ma'aikata gida. Wannan ta ƙarshen doka ba ta wajabta ta kai tsaye ba, amma ku riƙe ta da ƙarfi. Mutum ya sauke fasinjan ƙarshe a Kawo, ya miƙa kuɗi, ya fito titi wajen ɗayan dare yana neman keken Rigasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku kuma tambaya ko kamfanin ya yi muku rajista ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, don ta haɗa har da raunin da aka samu a hanya tsakanin wurin aiki da gida.

In farkon wata ya zo ba a daidaita ba, kuma ka ga dole ka yi aikin, to ka rubuta cewa kana yi ne ba da amincewarka ba, don kada a fassara shirunka a matsayin yarda. Ka ɗauki hoton sanarwar nan da wayarka tun ba a cire ta ba, ka riƙa rubuta lokacin da ka ɗauki mota da lokacin da ka ajiye kullum. Duk abin da aka cimma a zaman, a sa hannu a kai, a kuma shigar da shi cikin takardar aikin kowannenku.