Yadda maganaɗisu ke raba kabon 12 da kabon 13

Ka tambaye ni wai ta yaya maganaɗisu zai raba kabon 12 da kabon 13, wato kabon iri biyu da suka bambanta a nauyi, alhali kabon ba ƙarfe ba ne balle ya manne masa. To yaro, cire maganar ƙusa daga ranka. A wannan injin na auna nauyin ƙwayoyi (mass spectrometer) babu abin da ake janyowa, hanya ake karkatarwa.

Samfurin da muka ƙona ya zama iskar CO2 yana shiga ɗan akwatin nan mai zaren wuta. Zaren yana feso ilektron, su bangaji ƙwayar iskar su fizge mata ilektron guda, sai ta ɗauki caji. Daga nan dubban bolt su cilla ta cikin bututu. Duk abu mai caji da ya ratsa tsakanin bakin maganaɗisu a guje, ta gefe ake tunkuɗa shi. Gudunsa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, sai dai ya yi kwana. Ka ga yadda babur ke shan kwana a matse, tirela da kaya kuwa sai ta buɗe? CO2 mai nauyin 44, mai ɗauke da kabon 12, ya fi lanƙwasa, 45 mai ɗauke da kabon 13 ya ɗan buɗe, 46 ya fi su. Kofuna uku na jiransu a ƙarshen bututun, kowa ya faɗa nasa, mu karanta lantarkin da ya sauke.

Amma lura, sai nauyi ya ninka sau 4 kafin faɗin kwanar ya ninka sau 2. Tsakanin 44 da 45 bambancin bai fi kashi 1 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba. Da wannan 'yar tazarar ake kama zumar da aka yi wa algus da sukarin rake, don rake ya fi yawancin furanni tara kabon 13.

Dabarar ta daɗe. Francis Aston ya haɗa nasa injin a Kambirij a 1919, ya tabbatar iskar niyon ma iri biyu ce, mai nauyin 20 da mai 22. Lokacin yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun yi manyansu a Oak Ridge, tagulla ta yi ƙaranci har suka ari azurfa sama da tan 13,000 daga baitulmali suka naɗa waya.

Shi ya sa nake maka faɗa kan famfon zuƙe iska. Iska kaɗan ta saura a bututu, ƙwayoyin su yi ta karo, 44 ya fantsama cikin kofin 45, sakamako ya lalace. Gobe kafin ka kunna zaren, duba ma'aunin iskar tukuna, ka kuma bar maganaɗisun ya ɗumama ya daidaita.