Tambaya da Amsa: Daga Taron Addu'a a Gida Zuwa Ikkilisiya

Tambaya: Mu iyali shida ne, muna taruwa a gidan ɗayanmu muna addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, yau kusan shekara guda ke nan. Majami'ar da ta fi kusa da mu tana da nisa sosai. Yaushe za mu ce mun isa zama ikkilisiya, kuma da me ake farawa? — Wani ɗan'uwa

Amsa: Ɗan'uwa, kada taruwa a gida ya sa ku raina kanku. A Romawa 16:5 Manzo Bulus ya gai da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Biriskila da Akila. Ɗaya daga cikin majami'u mafi daɗewa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240: aka rushe bango ɗaya aka haɗe ɗaki biyu ya zama wurin taro, aka ware wani ɗakin don baftisma.

Abin dubawa shi ne ko kuna da manya goma sha biyu zuwa ashirin da za su zo ko da baƙo ko ɗaya bai leƙo ba, waɗanda ke bayarwa ba sai an matsa musu ba, kuma aƙalla uku a cikinsu za su iya bi da sujada ko koyarwa. In mutum ɗaya ne kaɗai ya iya, ranar da ya kwanta rashin lafiya taro ya watse.

Mataki na farko, ku nemi uwar ikkilisiya ko ɗariƙar da za ta riƙe ku. Ita za ta turo fasto don baftisma, jibin Ubangiji da ɗaurin aure, kuma ita ce za ku kai wa ƙara ranar da kuka kasa sasanta kanku. Na biyu, ku rubuta abin da kuka gaskata da ƙa'idojin tafiyarku. Shafi huɗu ko biyar sun isa. A ciki a fayyace wane ne mamba, yadda ake zaɓen dattawa da shekarun da za su yi, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, yadda ake sauke shugaba, da inda dukiya za ta koma in ikkilisiyar ta rufe. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne mutane ke jin nauyin rubutawa, kuma su ne ake nema ranar rigima. A rubuta su yanzu da kowa ke dariya da kowa. Na uku, ku yi wata uku zuwa shida kuna sujadar Lahadi a tsakaninku kafin ku gayyaci jama'a, domin a gane wa ke buɗe ƙofa, wa ke kula da yara, wa ke lura da lokaci.

Ku kuma tambayi kanku tsakani da Allah abin da ya haɗa ku. In nisa ne, kamar yadda ka faɗa, madalla. In fushi ne da wani fasto, ku je ku sasanta tukuna, don wanda ya baro wuri da fushi yakan iso sabon wurin da shi.

Tambaya: Baikonmu ya fara taruwa, kuma wanda ya ba mu gidansa shi ne ke ajiye kuɗin. Amintacce ne, ba ma zarginsa da komai. Shin akwai buƙatar mu canza? — Wata 'yar'uwa

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma saboda shi ne ma za ku canza. Mutumin kirki da ke riƙe kuɗin jama'a shi kaɗai ba shi da abin kare kansa ranar da wani ya ce lissafi bai cika ba. A 2 Korintiyawa 8, Bulus kansa bai yarda ya kai gudummawar da aka tara shi kaɗai ba; ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin zargi.

Tsarin ba shi da wuya. Mutum biyu ne za su ƙirga baiko nan take bayan sujada, a wurin da aka yi taron, kuma kada su kasance mata da miji ko 'yan gida ɗaya. Su rubuta adadin a takarda, su duka su sa hannu, kwafi ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga magatakarda. A riƙa sauya masu ƙirgar. A buɗe asusun banki da sunan ikkilisiya, da masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kafin kuɗi ya fita. Banki zai nemi takardar rajista, don haka ku bincika abin da dokar ƙasarku ta tanada kan rajistar ƙungiyoyin addini da naɗa amintattu. In kuna ƙarƙashin ɗariƙa, sau da yawa rajistarta ta haɗa har da ku.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne kashe kuɗi kai tsaye daga kwanon baiko: a ciro a sayi batir, a ciro a ba mai wa'azi kuɗin mota, ba wanda ya rubuta. Bayan wata shida ba wanda zai iya cewa ga abin da ya shigo. Duk abin da aka tara ya shiga banki cif, sannan a ware ɗan kuɗin ƙananan hidimomi da rasit. Kuɗin da aka tara don gini ko don marasa lafiya kada a ara a biya haya, ko da niyyar mayarwa. Da wuya ake mayarwa, kuma mai bayarwa in ya ji ba zai sake ba. Fasto kuwa ya nisanci jakar. Kowane wata uku a karanta rahoto a gaban mambobi, sau ɗaya a shekara wani daga waje ya duba littattafan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tambaya: Wani mai hali daga nesa ya yi alkawarin gina mana majami'a mai ɗaukar mutum ɗari biyar. Mu arba'in ne. Mu karɓa? — Dattijon ikkilisiya

Amsa: Dattijo, ku yi masa godiya, ku roƙe shi ya taimaka da fili da takardunsa, sannan ku gina abin da za ku iya riƙewa. Mutum arba'in a ɗakin ɗari biyar sai baƙo ya ga kamar an watse ne, ga kuɗin wuta da gyaran rufi da zai hau kanku bayan mai kyautar ya tafi. A ƙarni na 19 shugabannin mishan biyu, Henry Venn na ƙungiyar mishan ta CMS a Ingila da Rufus Anderson a Amurka, sun dage cewa sabuwar ikkilisiya ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa bishara da kanta. Wani ɗan mishan, John Nevius, ya kai irin wannan koyarwa ga 'yan mishan a Koriya a 1890, kuma ikkilisiyoyin Firesbiteriyan na can sun ginu a kanta. Takardar fili ta fito da sunan ikkilisiya ko amintattunta, ba da sunan mai kyauta ko fasto ba. Magada ba su san alkawarin baki ba. Ku zana ginin yadda za a iya ƙara masa tsawo nan gaba.

Tambaya: Mun kai mutum sittin zuwa saba'in, shekara biyu ke nan ba ma gaba. Baƙi suna zuwa amma ba sa zama. Fastonmu yana iya ƙoƙarinsa. Ina matsalar? — Shugaban matasa

Amsa: Wataƙila ƙoƙarin nasa ne ya kai iyaka. Wannan adadi shi ne kusan abin da mutum ɗaya zai iya sani da suna, ya ziyarta, ya yi wa jana'iza da biki. In kowace hidima sai ta bi ta hannunsa, ikkilisiya ba za ta wuce ƙarfinsa ba. Shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18, ta naɗa shugabanni har kan mutum goma-goma, da zaɓen mutum bakwai a Ayyukan Manzanni 6 don rabon abinci, duk maganin wannan ciwon ne. Ku raba mambobi ƙungiyoyi na mutum takwas zuwa goma sha biyu, kowace da jagora da mataimaki, su ɗauki ziyara da addu'ar tsakiyar mako. Abin da zai yi wuya shi ne tsofaffin mambobi, waɗanda suka saba fasto da kansa ke zuwa gidansu; za su ji an yi watsi da su. A yi musu bayani kafin a fara, kuma a ba wasunsu jagorancin.

Sai ku dubi ɗakin taro da idon baƙo. Masu kafa ikkilisiyoyi sun daɗe da lura cewa in kujeru takwas cikin goma sun cika, wanda ya shigo gani yake ba wuri. Ku ƙara kujeru ko ku buɗe sujada ta biyu. Iyaye kuma ba sa dawowa inda yaransu suka wuni suna kuka, don haka Makarantar Lahadi tana bukatar ɗaki nata da manya biyu a kowane aji, kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara.

Ku ajiye littafin halarta, ku rubuta baƙi daban. Wani ya kira baƙo ko ya ziyarce shi cikin makon da ya zo, in ya amince ya ba da lambarsa, kuma ya fi kyau mamba ne ya yi, ba fasto ba. Wanda ya zo sau uku a gayyace shi ƙungiya, in ya kai wata biyu a ba shi ɗan aiki, ko da jera kujeru ne. Bayan wata shida ku buɗe littafin ku ƙirga baƙi nawa suka zo, nawa suka dawo karo na biyu, nawa suka shiga ƙungiya, sai ku fara gyara daga matakin da adadin ya fi faɗuwa.